Me ya sa kowa ya sa riga mai lamba 42?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai kallon ƙwallon ƙafa ne, besbol kam ban san kansa ba. A watan Afrilu na ci karo da bidiyon wani wasa daga Amurka, sai na ga duk 'yan wasan ƙungiyoyin biyu, har da masu horar da su, lamba ɗaya ce a bayansu, 42, kuma babu suna a jikin ko riga ɗaya. Wani ya ce min wai tunawa ake yi da wani mamaci. Wane ne shi? Kuma haka suke yi wa duk ɗan wasan da ya mutu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Wasan da ka gani na ranar 15 ga Afrilu ne, mai lambar kuwa Jackie Robinson ne. Sai dai ba ranar rasuwarsa suke tunawa ba. A irin wannan rana ce a 1947 ya fito fili da rigar Brooklyn Dodgers, ya zama baƙar fata na farko da ya buga babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, tun bayan da aka toshe wa baƙaƙe ƙofa a shekarun 1880.

Ba a rubuta wannan haramci a wata doka ba. Masu ƙungiyoyi ne suka haɗa baki suka yi gum, shekara kusan 60. Branch Rickey, shugaban Dodgers, da ya tashi karya wannan haɗin baki, ba gwani kawai yake nema ba, yana neman wanda zai iya haɗiye zagi bai rama ba. Abin mamaki, Robinson ba mai sanyin hali ba ne. A 1944, yana soja a Texas, an gurfanar da shi gaban kotun soja saboda ya ƙi komawa kujerar baya a cikin motar bas, aka kuma wanke shi. Irin wannan mutum aka ce ya kame bakinsa da hannunsa. An zage shi daga bencin abokan hamayya, musamman ƙungiyar Philadelphia da kocinsu Ben Chapman, an aiko masa da wasiƙun barazanar kisa, akwai otal-otal ɗin da suka ƙi saukar da shi tare da abokan wasansa. Duk da haka shi ya ɗauki kyautar sabon ɗan wasa mafi hazaƙa a shekarar, a 1949 ya zama gwarzon gasarsu, a 1955 kuma suka ci kofin ƙarshe. Ya rasu ranar 24 ga Oktoba 1972 yana da shekara 53, bayan ciwon suga ya ci jikinsa har ya kusa raba shi da gani.

A 1997, da abin ya cika shekara 50, hukumar gasar ta jingine lamba 42 a dukkan ƙungiyoyi, ba a ƙara ba sabon ɗan wasa ita. Waɗanda aka tarar suna sanye da ita aka bar su su ƙarasa, na ƙarshensu shi ne Mariano Rivera na New York Yankees, wanda ya ajiye wasa a 2013. Ranar tunawar an fara ta a 2004. A 2007 wani ɗan wasa, Ken Griffey Jr., ya nemi izinin sa lambar na yini ɗaya, wasu suka bi sahu, daga 2009 ta zama ta kowa. Wato lambar da aka hana kowa duk shekara, ita ce ake ɗora wa kowa rana guda.

Tambayarka ta biyu kuwa, a'a. A MLB, Robinson kaɗai aka yi wa haka. Abin da aka saba, ƙungiyar da mutum ya buga wa ita ke jingine lambarsa ta rataye ta a filinta, kamar yadda Manchester City ta yi da lamba 23 bayan Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi ya mutu a fili a 2003. A besbol an fara wannan ne da Lou Gehrig na Yankees. Lokacin da ƙungiyar ta soma sa lamba a riga a 1929, jerin masu bugu ta bi: Babe Ruth ne na uku sai ya sami 3, Gehrig da ke biye masa ya sami 4. Ya buga wasa 2,130 a jere bai taɓa fashi ba, har wata cuta mai kashe jijiyoyi, ALS, ta fara cinye masa ƙarfi. Ranar 4 ga Yuli 1939 aka yi masa taron ban kwana, ya tsaya gaban filin da ya cika maƙil ya ce shi fa yana ganin babu wanda ya kai shi sa'a a duniya. Ya rasu ranar 2 ga Yuni 1941 yana da shekara 37, kuma har yau a Amurka da sunansa ake kiran cutar. Tun 2021 gasar ta keɓe masa ranar 2 ga Yuni, ana tara kuɗin binciken magani. Yankees ɗin sun yi ta jingine lambobi har daga 1 zuwa 9 babu wadda ta rage a sa.

Na uku da ke da ranarsa shi ne Roberto Clemente, ɗan tsibirin Puerto Rico, mai lamba 21 a Pittsburgh Pirates. Cikin Disamba 1972 girgizar ƙasa ta rusa Managua, babban birnin Nicaragua. Clemente ya tara kayan agaji ya aika, sai labari ya zo masa cewa jami'an gwamnatin Somoza, mai mulkin ƙasar, suna karkatar da kayan. Ya ce to wannan karo da kansa zai raka su, ya ga mai taɓawa. Daren 31 ga Disamba jirgin, wanda tsoho ne kuma an labta masa kaya, ya faɗa teku jim kaɗan da tashinsa daga San Juan. Abokin wasansa Manny Sanguillén bai je taron addu'a ba, nutso ya tafi yi a wurin yana neman gawar. Ba a same ta ba har yau. Ƙa'ida sai mutum ya shekara 5 da barin wasa kafin a shigar da shi zauren gwarazan besbol da ke Cooperstown a jihar New York, amma shi aka ɗage masa, ya shiga a 1973. A filin Pittsburgh na yanzu, katangar ɓangaren da yake tsarewa tsayinta ƙafa 21 cif, da gangan aka gina ta haka. Ranarsa 15 ga Satumba ce. Mutanensa sun daɗe suna neman a jingine 21 a duk gasar kamar ta Robinson, hukuma ba ta amince ba.

Idan ka bar ni da ra'ayina, bikin 42 yana da kyau, amma yana sa a manta da wani abu. Kwana 9 kafin ya rasu an karrama Robinson a wasan kofin ƙarshe a Cincinnati. Aka miƙa masa makirufo, ya yi godiya, sannan ya ce zai fi murna ranar da ya ga baƙar fata yana jagorantar ƙungiya a matsayin koci. Bai ga ranar ba, sai a 1975 Frank Robinson ya fara jagorantar Cleveland (suna ne kawai ya zo ɗaya, ba 'yan uwa ba ne). Jackie ya mutu yana neman haƙƙi, amma a ranar bikin an fi ba da labarin haƙurinsa, domin shi ya fi daɗin ji.

Sannan akwai waɗanda ƙofar ba ta buɗe musu ba sam. Da aka hana su, baƙaƙe sun kafa gasarsu, da ƙungiyoyi irin su Kansas City Monarchs da Homestead Grays, kuma Robinson kansa daga Monarchs aka ɗauko shi. Babban mai bugu a cikinsu shi ne Josh Gibson. Ya rasu cikin Janairu 1947 yana da shekara 35, saura wata uku Robinson ya fito. Aka binne shi a Pittsburgh, kabarinsa ya zauna babu dutsen suna har 1975, alhali a wurin Amurkawa wannan dutse shi ne mafi ƙarancin abin da ake yi wa mamaci. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Tun 2004 wani likita a jihar Illinois, Jeremy Krock, yake bin maƙabartu yana nemo kaburburan tsofaffin 'yan wasan wannan gasa, ana haɗa kuɗi ana sa musu alama.

Amurkawa a besbol da alƙaluma suke tuna mutum, yaro zai lissafo maka bugun ɗan wasan da ya mutu kakansa bai yi wayo ba. Shi ya sa wanda ba ya cikin littafin ƙididdiga kamar bai taɓa wasa ba ne. Sai a Disamba 2020 MLB ta yarda cewa gasannin baƙar fata guda 7 na tsakanin 1920 da 1948 manyan gasa ne daidai da nata. A Mayu 2024 aka haɗe alƙaluman, sai ga Gibson a saman kowa: a duk fitowa 1,000 gaban mai jifa yana cin nasarar bugu 372, ya ture Ty Cobb da ya riƙe matsayin kusan ƙarni guda. Masu gardama suna cewa wasannin Gibson da aka samu a rubuce ba su da yawa, kuma haka ne. Amma ba shi ya hana kansa buga wasa 154 a shekara kamar 'yan MLB na lokacin ba, ba shi kuma ya hana jaridun Turawa rubuta sakamakon wasanninsa ba.

Mutuwa kan sauya hukunci ma. Pete Rose, wanda ya fi kowa yawan bugu a tarihin gasar da 4,256, an kore shi har abada a 1989 saboda caca a kan wasanni, abin da ya hana shi shiga Cooperstown. Ya rasu a Satumba 2024. A Mayu 2025 shugaban gasar, Rob Manfred, ya yanke cewa irin wannan kora tana ƙarewa da mutuwar mai ita. Wannan bai shigar da Rose zauren ba, dama kawai ya ba kwamiti ya duba sunansa.