Amsa kan na'urorin awon ruwa, jirgi marar matuƙi da tauraron ɗan'adam

Salamu alaikum jama'a. Alhaji, na ji saƙonka tun bayan la'asar, ina kan hanya ne. Ka ce don me ba za a sa wa kowace na'urar awo layin waya a huta ba, me ya kawo jirgi marar matuƙi da tauraron ɗan'adam cikin maganar gonar shinkafa. Ni dai abin da na fahimta, gani kake ɓarnar kuɗi ce. To a kan haka zan amsa.

Batir ne matsalar, Alhaji. Na'urar da ke auna danshin ƙasa ko hawan ruwa a magudana, abin da za ta faɗa bai kai rabin saƙon tes ba, lamba biyu ce ko uku. Amma ka sa mata sim a inda sabis ke rawa, duk ƙarfinta a neman eriya zai ƙare. Shi ya sa ake haɗa ta da ƙaramin rediyo irin na LoRa, mai cin nisa da wuta kaɗan, ta yi raɗa ta koma barci, batir ɗaya ya kai ta shekaru. To wa zai ji raɗan a tsakiyar fadama? Nan jirgin ke shigowa. Ya bi ta samansu, ba bishiya ba tudu a tsakani, ya kwashi abin da kowace ta tara, kamar mai zagayen karɓar adashe, ya dawo gida.

Sai dai jirgin nan mai farfela huɗu, minti 30 zuwa 40 batirinsa ya ƙare. In hadari ya haɗo ba ya tashi, ga neman izini daga hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Danshin ƙasa zai iya jiran gobe. Ambaliya fa? Kun ga Maiduguri, 10 ga Satumban 2024, da dam ɗin Alau ya ɓalle, cikin dare ruwa ya iske mutane. Irin wannan labari dole ya tafi nan take, aikin tauraro ke nan. Kamfanin Iridium na da taurari 66 suna yawo ƙasa-ƙasa, wajen kilomita 780, ƙaramar na'ura da 'yar eriya ta isa ta kai musu gajeren saƙo. Irin su NigComSat-1R, tauraron Najeriya, kuwa suna can kusan kilomita 36,000, sai da faranti da wuta sosai. A'a, bari in gyara, ban ce kowace na'ura ta yi magana da tauraro ba. Guda ɗaya ce uwa, mai sola, sauran su yi mata raɗa, ita ta tura sama. Kuma ba kowane minti ba, sai in ruwa ya motsa, don gwargwadon saƙo ake biya.

Maganar sim ɗin nan wallahi har yau tana ci mini rai. Akwai aikin da muka yi a Zamfara, na roƙi ɗan kwangilar, na ce ko guda ɗaya a haɗa da tauraro. Ya ce ni yaro ne, tsada nake nema. Satumban 2021 aka rufe layukan waya a jihar saboda 'yan bindiga. Shiru. Makonni ba lamba ko ɗaya, hanyar ma ba ta biyuwa balle mu je mu kwaso da hannu, ga damina na ƙarewa, lokacin da aka fi bukatar awon. Da aka buɗe layi wasu batiran sun mutu wajen neman sabis. Kuma a taro ɗan kwangilar ya miƙe ya ce mu ne ba mu iya dasawa ba! Mu da muka wuni cikin taɓo. Har yau bai kira ni ba.

 Alhaji, ka ƙirgo mini na'urori nawa ne, kadada nawa, kuma wanne awo ne ba zai iya kwana ba. Ka turo kafin Juma'a in zana maka.