Shafi 9 na rubuta a kan Ruwan Bagaja amma maki 5 aka bani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu a sashen Hausa. An bamu asaimen mu tattauna rawar da Malam Zurƙe ya taka a Ruwan Bagaja, na zauna na rubuta shafi 9 ban bar komai ba tun daga farkon labarin har ƙarshe, amma lakcara ya bani 5 cikin 20, ya rubuta "ina nazarin?" da jan biro. Ƙawata shafi 4 tayi ta samu 15. Wallahi hankalina ya tashi, ga wani asaimen ɗin sati mai zuwa, ina tsoron kari-oba.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar da hankalinki, malaminki bai zalunce ki ba. Labarin kika sake bashi, kuma ba shi ya tambaya ba.

Wannan cutar ita ke kashe ɗalibai duk zango, wai nazari shine ka kwashe labarin daga farko zuwa ƙarshe da kalmominka. Haba! Littafin nan Abubakar Imam ya rubuta shi ne a gasar da Rupert East, baturen Hukumar Fassara, ya shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934, malaminki ya karanta shi tun kafin a haife ki, yanzu kuma ke zaki zauna ki bashi labarin yadda Alhaji Imam, tauraron littafin, ya fita neman ruwan har shafi 9? Da ya ga "daga nan sai", "bayan haka kuma sai" sun jeru sau uku ya gama sanin abinda ke cikin takardar, sauran shafukan juyawa kawai yake. Kuma masu bizines senta ɗin bakin get su suka ƙara lalata abin, ka basu kuɗi su ciro maka taƙaitaccen labari daga wani tsohon furojet ko su tambayi ChatGPT, su canza suna da lamba su buga, mutum goma a aji ɗaya da takarda iri ɗaya har kuskuren rubutu, sannan a dinga yawo da jita-jitar wai malam yawan shafi yake aunawa. Ƙarya ce. Ni in na ga takarda tayi kauri ma gabana faɗuwa yake.

Abinda ake so ki kafa magana taki ki kare ta. Misali kice: duk abinda muka sani game da Zurƙe daga bakin Alhaji muka ji shi, tunda shi ke bada labarin, kuma abokin hamayyarsa ne, to me yasa za mu yarda dashi gaba ɗaya? Kinga wannan magana ce da wani zai iya musawa, to ita ake nema. Sai ki ɗauko wurare biyu ko uku da suka yi wa juna wayo, ki kawo layi kaɗan da lambar shafi, sannan ki bayyana abinda wurin ya nuna kan jigo ko kan halin tauraron. Bayanin naki ya fi abinda kika ɗauko tsawo. Labarin kuwa layi biyu ya ishe shi, don dai mai karatu ya gane inda kike.

Sauran ƙa'idojin ba wuya. Ki duba me aka ce kiyi, tattaunawa ce ko kwatantawa, jigo ne ko salo ko zubi da tsari, kar a tambayi salo ki tafi tarihin marubuci. Yawan shafin da aka yanka, manazarta a tsarin da sashenku ke bi, yawanci APA ne, da ranar miƙawa.

Kafin ki fara na sati mai zuwa ki rubuta maganarki a jimla ɗaya ki kai wa malamin a ofishinsa ya gani. In ya ce labari ne, ki koma ki sake, kuma dan Allah kar ki bi ta bakin get ɗin nan.