Hukuncin Faɗa wa Likitan Damuwa Sirrin Aure

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Tun da na haihu ba na iya barci, kuka yake zo mini haka kawai, kusantar maigida kuma ta zama mini azaba saboda zafin da nake ji, har mun fara samun saɓani. An ce in ga masanin halayyar ɗan Adam. Abu biyu suka tsayar da ni: tsoron tona asirin shimfiɗa, da kuma cewa cibiyar da yake aiki tana karɓar kowa, ko wane addini yake bi, ko wace irin rayuwa yake yi. Ya halatta in je?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa. Ya halatta ki je. Idan ma abin ya kai kina tunanin cutar da kanki ko jaririnki, zuwan ya zama wajibi a ranar, ba sai gobe ba. Annabi (SAW) ya ce a hadisin Usama bin Sharik, wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito: "Ku nemi magani, bayin Allah." Bai ware ciwon zuciya daga na jiki ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, tun a zamaninsa ya bambance baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda yake tasowa daga jiki, ya ce na biyun yana bukatar magani. Addu'a da ruƙiyya kuwa ki riƙe su, ba sa karo da asibiti.

Tsoronki na farko yana da tushe. Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri cewa cikin mafi munin matsayi ranar ƙiyama akwai mutumin da zai sadu da matarsa sannan ya yaɗa sirrinta, kuma malamai sun ce mace ma haka. Amma abin da aka hana shi ne yaɗawa: hira da ƙawaye, alfahari, ko cin mutunci. Faɗa saboda bukata hukuncinsa daban. Matar da Rifa'a al-Ƙurazi ya saka ta zo gaban Annabi (SAW) ta kai ƙarar raunin sabon mijinta a shimfiɗa, bai hana ta magana ba, hukunci ya ba ta. Hindu bint Utba ta ce masa mijinta Abu Sufyan marowaci ne, bai ce ta yi giba ba. Duka biyun suna cikin Bukhari da Muslim. Sharaɗin ɗaya ne: bukata ana auna ta gwargwadonta. Ki faɗi inda zafin yake, yaushe ya fara, a farkon saduwa ne ko a ciki can, da abin da yake biyo baya tsakaninku. Siffanta jikin miji, ko tono laifinsa da bai shafi ciwon ba, wannan ya fita daga rangwamen. Ɓoye abin da likita yake bukata don kunya shi ma kuskure ne, domin a kan abin da kika faɗa zai gina magani.

Ki fara da likitar mata. Zafin saduwa bayan haihuwa sau da yawa daga jiki yake: ɗinkin da bai gama warkewa ba, bushewar gaba saboda shayarwa, ciwon sanyi, ko ɗaurewar tsokar gaba don tsoron zafi. Kowanne da maganinsa. Damuwar kuma, idan ta wuce mako 2 ba sauƙi, ta wuce gajiyar jego. Masanin halayya da zantawa yake aiki, yawanci zama ɗaya a mako na kusan minti 50. Likitan ƙwaƙwalwa shi yake rubuta magani. Idan an ba ki ƙwayoyi, ki sanar cewa kina shayarwa, ki kuma sani sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, wasunsu suna rage sha'awa. Nan mutane da yawa suke yar da magani rana ɗaya, sai jiri da rashin barci su taso, ciwon ya dawo. A koma wa likita ya canza ko ya rage a hankali.

Batun wanda za ki gani, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Burunai a 1993 ta jera shi haka: likita mace Musulma, sai mace amintacciya ko ba Musulma ba, sai namiji Musulmi, sai wanda ba Musulmi ba. Idan namiji ne, kada ku kaɗaita. Mijinki, ko muharrami, ko wata mace amintacciya su kasance a wurin. Ki nemi izinin maigida, kuma a ganina shigarsa wasu zaman ya fi, don matsalar ta ku biyu ce. Bai halatta ya hana ki magani ba, bai kuma halatta ya tilasta miki abin da yake cutar da ke ba.

Cewa cibiya tana karɓar kowa ba aibi ba ne, haka kowane asibiti yake. Annabi (SAW) ya ɗauki ɗan jagora mushiriki a hanyar hijira saboda ƙwarewarsa da amanarsa. Magani kike nema a can, ba fatawa ba. A zama na farko ki ce ke Musulma ce, kina son shawara cikin iyakokin addininki. Ƙa'idar aikinsu ta hana su ɗora wa mara lafiya ra'ayinsu. Ki tambayi likitan takardar shaidar aikinsa, da wanda zai iya ganin bayananki. Idan ya ba da shawarar abin da shari'a ta haramta, kamar kallon batsa don tayar da sha'awa, ki ƙi, ki nemi wata hanya. In ya nace, ko yana raina sallarki da suturarki, ki sauya likita.

Idan kuma akwai wani tunani ko wata sha'awa da take zo miki ba da son ranki ba, kada ki yanke wa kanki hukuncin halaka. Sahabbai sun kai wa Annabi (SAW) kukan abin da suke ji a zuci wanda suke ganin girman furta shi, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Faɗa wa likita irin wannan don neman waraka ba zunubi ba ne.

Allah ne mafi sani.