Tsiro a Bakin Hanyar Fitsari: Ko Ƙona Shi da Magani Ya Dace?

Tambaya: Salamu alaikum Likita. Mahaifiyata, mai shekara 62, wani ɗan jan tsiro ya fito mata a bakin hanyar fitsari, yana jini idan ta yi tsarki. An ce za a ƙona shi da magani. Babu haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Irin wannan tsiro yakan fito wa matan da al'ada ta ɗauke musu, saboda ƙarancin isturojin, wato sinadarin mata da jiki ke samarwa, yana sa fatar wurin ta yi laushi ta turo waje. Galibi ba ciwon daji ba ne. Amma in ya yi tauri ko yana saurin girma, sai an yanki kaɗan an auna tukuna.

Ba da ƙonawa ake farawa ba. Man isturojin na shafawa da zama cikin ruwan ɗumi sukan rage shi cikin makonni.

In ta kai ga ƙonawa, likita yakan yi amfani da tsinken silba naitiret, wato tsinke mai ɗauke da maganin ƙona nama a bakinsa. Zai tsane wurin, ya shafa basilin a kewaye don kare lafiyayyar fata, ya taɓa kan tsiron kaɗai na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ya wanke da ruwan gishiri na asibiti, wanda ke tsayar da aikin maganin. Wurin zai yi baƙi-baƙi, fitsari zai yi zafi na kwana biyu zuwa uku.

Abin tsoron shi ne maganin ya shiga cikin bututun fitsari: tabo zai iya tsuke hanyar, fitsari ya riƙa fita da ƙyar. Don Allah kada a gwada a gida ko a kemis. In fitsari ya tsaya ko zazzaɓi ya zo, a koma asibiti a ranar.