Shin ciwon dasashi yana toshe jijiyoyin jini?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 48, ina da hawan jini kuma ina shan amlodipine. Kusan shekara biyu ke nan, duk na yi asuwaki sai na tofar da jini, haƙorana biyu na ƙasa ma sun fara girgiɗi. An turo mini wani bidiyo a WhatsApp ana cewa ƙwayoyin cutar dasashi ne ke toshe jijiyoyin zuciya. Mahaifina shanyewar ɓarin jiki ce ta yi ajalinsa, shi ya sa hankalina ya tashi. Da gaske ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinka. Akwai ƙamshin gaskiya a bidiyon, sai dai an ƙara masa gishiri.

Bari mu fara da bakin. Yauƙin nan da ke taruwa a gindin haƙori cike yake da bakteriya. Idan ba a goge shi ba, sai ya yi kanta ya taurare, irin baƙi-baƙin nan da za ka gani a bayan haƙoran ƙasa, wanda asuwaki ko buroshi ba sa iya kankarewa. Dasashi ya kumbura, ya rabu da haƙori, wani ɗan aljihu ya buɗe a tsakani. Cikin aljihun nan gyambo ne, kuma a hankali ƙashin da ke riƙe da haƙorin yake zaizayewa. Girgiɗin da kake ji daga nan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum sama da biliyan ɗaya ne ke fama da mai tsananin wannan ciwo.

Tunda gyambo ne a buɗe, ko tauna nama ka yi, ƙwayoyin na iya kutsawa cikin jini. Yawanci garkuwar jiki kan share su cikin ɗan lokaci, amma ba duka ba. An yanko kitsen da ya toshe jijiyoyin wuyan marasa lafiya an duba, an kuma tarar da sawun bakteriyar baki a ciki, musamman wata mai suna Porphyromonas gingivalis. A 2005 ma an samo ta da ranta. Hanya ta biyu, wadda ni na fi ba wa ƙarfi, ita ce kumburi. Jikin da ya shekara goma yana yaƙi da gyambon baki yana ta zuba sinadaran kumburi a jini, su kuwa suna ƙuje shimfiɗar cikin jijiya, kitse ya sami wurin maƙalewa.

Tun 1989 likitoci a ƙasar Finlan suka lura cewa waɗanda suka gamu da bugun zuciya sun fi takwarorinsu lalacewar baki. A 2016 aka sake gwadawa a Suwidin da mutum 805 da suka yi bugun zuciya na farko da wasu 805 masu lafiya: kashi 43 cikin ɗari na rukunin farko suna da ciwon dasashi, na biyun kashi 33. Bayan an cire tasirin taba da ciwon suga da sauransu, ƙarin haɗarin ya tsaya kusa da kashi 28 cikin ɗari. Ƙari ne, amma bai kama ƙafar na hawan jini ko sigari ba.

A nan mai bidiyon ya yi tsalle. Ganin mutum a wurin da aka yi gobara ba ya nufin shi ya kunna wutar. Mai shan taba, mai ciwon suga, dattijo, da wanda talauci ya hana shi zuwa asibiti, duk sun fi kamuwa da cututtukan biyu a tare. Shi ya sa a 2012 Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta ce alaƙa tana nan, amma babu hujjar da ta tabbatar cewa ciwon dasashi ne ke haddasa toshewar jijiya, ko cewa maganinsa na hana bugun zuciya. Abin da aka fi kusantar hujja da shi wani gwaji ne na 2007 a Landan, da mutum 120. Waɗanda aka yi wa wankin dasashi mai zurfi, jijiyoyinsu sun ɗan dagule a kwana na farko, amma bayan wata shida sun fi na sauran buɗewa da kyau. Laushin jijiya aka auna, ba adadin waɗanda suka tsira daga bugun zuciya ba.

To, kai fa? Ka je wurin likitan haƙori a cikin watan nan, ba don zuciya ba ma, don haƙoran nan biyu. Za a auna zurfin aljihun, a kankare kantar har ƙarƙashin dasashi. Ka gaya masa kana shan amlodipine, domin maganin kan sa dasashin wasu ya yi tozo ya riƙa tara dauɗa. Kada ka daina shansa da kanka. Idan shi ne, likitanka zai canza maka wani. Haka in kana shan asfirin ko wani mai tsinka jini, faɗa za ka yi, ba dainawa ba.

Ka kuma nemi a gwada maka suga. Sau da yawa dasashin da ya ƙi warkewa ne ke fara tona asirin ciwon suga.

Asuwaki ba shi da laifi, yana goge gaban haƙori sosai, sai dai ba ya shiga tsakanin haƙora da lungun turame. Ka haɗa da buroshi mai laushi da man goge baki safe da dare, da zaren sakace maimakon tsinken tsintsiya. Kada jinin ya sa ka ƙaurace wa wurin. Wurin da ke jini shi ya fi buƙatar a goge shi a hankali.

Game da abin da ya faru da mahaifinka kuwa, ka riƙa auna hawan jininka kana rubutawa a takarda, ka tafi wa likitanka da ita duk ranar ganinsa, ka kuma roƙi a duba maka kolestarol, wato kitsen da ke cikin jini.