Alat na shigowa, amma ranar biyan haya sai an ci bashi

Wani matashi ya rubuto min daga Samaru, Zariya. Yana da ɗan shago kusa da jami'a, yana buga wa ɗalibai furojet, yana zana katin biki da fosta da tambarin shaguna a kwamfuta, wani lokaci kuma aiki kan zo masa ta WhatsApp daga Kaduna ko Abuja. Yana da mata da 'ya'ya biyu, gidan haya yake zaune. Ga abin da ya ce: "Malam, akwai watan da nake kama naira dubu 400, akwai wanda ko dubu 100 ba na gani. Ba na shaye-shaye, ba na caca, amma duk shekara in maigidan haya ya zo sai na ci bashi. Ina kuɗina suke tafiya? Kuma ina so in sayi babbar firinta, shin in ci bashi in saya?"

Ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kafin mu je ga inda kuɗin suke tafiya, bari mu fara da wannan dubu 400 ɗin, don ina tantama ko duka naka ne.

Ka ɗauki misali. Wani ango ya zo a kan katin biki da bana, kun yi ciniki a naira dubu 60, ya tura maka dubu 40 kafin alƙalami. Alat ya shigo da la'asar. A hanyarka ta komawa gida maiɗakinka ta kira ta ce gas ya ƙare, ka tsaya ka cika. Ka ga mai balangu, ka tuna yara, ka sa an yanka na dubu 3. Ka sayi data. Washegari wani abokinka ya ce ka ranta masa dubu 5 zuwa Juma'a. Ranar da za ka kai aikin wurin masu bugu, suka ce kuɗinsu dubu 35 ne, kai kuma abin da ya rage a waya dubu 14. To me ka yi? Ka jira kafin alƙalamin wani ɗalibi ya shigo, ka cike da shi. Aikin ɗalibin kuma sai ka yi shi da kuɗin wanda ya biyo bayansa. A wannan ciniki na dubu 60, naka dubu 25 ne kacal, kuma ka cinye su tun kafin ka kunna kwamfuta, har ka taɓa na mutane.

Ba ina faɗa maka wannan don na fi ka ba ne. Ni ma na taɓa cin kafin alƙalamin wani aiki a farkon sana'ata, sai da na sayar da wayata na fita kunya, kuma har yau in na haɗu da mutumin ina jin wani iri. Kafin alƙalami amana ce a hannunka har sai aiki ya fita.

Saboda haka abu na farko, ka raba aljihu. Asusun da masu aiki ke tura kuɗi daban, wanda gida ke ci daga ciki daban. Yanzu buɗe asusu ba wahala, da lambar BVN ko NIN da wayarka za ka buɗe a OPay, Moniepoint ko PalmPay, ko kuma ka yi amfani da tsohon asusunka na banki. Lamba ɗaya tak za ka riƙa ba masu aiki. Wanda ya ba ka kuɗi a hannu, ka kai wa mai POS ya zuba a wannan asusun kafin ka bar Samaru, ko da zai cire ɗan cajinsa. Kuɗin hannu su ne ɓarayin lissafi, sun fi kowane kuɗi saurin narkewa, kuma ba sa barin sawu.

Sai littafi. Littafin 'yan makaranta ya isa, kodayake kai mai kwamfuta ne, kana iya yin sa a Excel ko Google Sheets. Ni dai na fi yarda da takarda, don wanda ya wuni yana kallon allon kwamfuta ba ya son sake buɗe ta da dare. Kowane aiki layi ɗaya: kwanan wata, sunan mai aiki, nawa aka yi ciniki, nawa ya bayar, nawa aikin ya ci na takarda da tawada da masu bugu da kuɗin keke, nawa ya rage a kansa. Bayan littafin kuma ka ware shafi biyu na bashi, wanda kake bi da wanda ake binka. Minti biyar bayan isha'i. In ka bari sai ƙarshen mako, rabi za ka tuna, sauran ka ƙirƙira.

Akwai abin da littafin zai nuna maka wanda ba za ka ji daɗinsa ba. Za ka ga wasu ayyukan da suke cinye maka kwana uku ribarsu ba ta kai ta katin suna da ka zana a minti 40 ba. Za ka ga ɗalibin da ya dawo sau biyar saboda malaminsa ya yi gyara, kana sake bugawa kyauta, man janareta kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ba abin wasa ba ne. Daga nan za ka san inda za ka ƙara farashi, da inda za ka ce gyara biyu ne kyauta, na uku da kuɗi.

Ba sai ka jira wata shida kana rubutu ba kafin ka san matsayinka. Manhajojin nan duk suna ba da bayanan shige da fice na watannin baya. Ka sauke na wata shida, ka zauna da biro ranar da ba aiki, ka cire abin da ayyuka suka ci, da hayar shago, da mai, da data. A ce abin da ya rage maka shi ne dubu 380, 310, 120, 95, 240 da 175. Jimilla miliyan 1 da dubu 320, wato in aka raba shida, dubu 220 kowane wata. Wannan shi ne ainihin samunka, ba dubu 400 da zuciyarka ta riƙe ba. Mutum watan da ya fi samu yake tunawa, da shi yake auna kansa, da shi kuma dangi suke auna shi.

Yanzu ga gundarin maganar: ka yanka wa kanka albashi, kamar yadda za ka yanka wa yaron shago. Kuma kada ka yanka a kan dubu 220. Ka sauko ƙasa, a ce dubu 160. Ranar 1 ga wata, ko ka raba biyu, 1 da 15, ka tura daga asusun aiki zuwa na gida. Watan da ka samu dubu 380, albashinka dubu 160. Watan da ka samu dubu 95, albashinka dubu 160, don rarar wancan watan tana nan tana jira. A wata shidan da muka lissafa, ka ci dubu 960, dubu 360 sun rage. Ka ga hayar da kake cin bashi a kanta ta fito, ba tare da ka ƙara ko aiki ɗaya ba. Wahalar tana watan da kuɗi suka shigo da yawa. Lokacin ne hannu ke ƙaiƙayi, lokacin ne waya ke tsufa a idonka.

Ita haya ba ta taɓa zuwa bagatatan ba, ka san ranarta tun shekara guda. In dubu 300 ce, dubu 25 ke nan kowane wata. Haka kuɗin makarantar yara zango uku, haka kayan sallah da ragon layya, haka azumi da cefane ke ninkuwa. Ka tara su duka, ka raba 12, ka riƙa cire wannan kason zuwa wani asusu na uku da ba ka da katinsa a aljihu. In kana gudun kuɗin ruwa, ka lura, yawancin wuraren ajiya na manhajojin nan ruwa suke ɗorawa. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa kamar Jaiz da TAJ. Duk inda za ka ajiye, ka tabbata yana da lasisin Babban Banki kuma yana ƙarƙashin inshorar NDIC, hukumar da ke kare kuɗin masu ajiya in banki ya rushe. Adashi ma yana yi, in ka daidaita kwasarka da watan biyan haya, kuma uwar adashin mai amana ce. Illarsa ga irinku ita ce zubi ba ya jiran watan da babu aiki, don haka kada ka shiga wanda ya fi ƙarfin watanka mafi muni.

Kai kuma kana da wani haɗari da mai shago a Sabon Gari ko Tudun Wada bai da irinsa. Kasuwarka a jikin Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) take. Ka tuna 2022, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas Samaru ta yi tsit, masu abinci, masu fotokofi, 'yan acaba, masu ɗakunan haya, kowa ya ji a jikinsa. A 2020 ma an sha irinta, ga yaji ga korona. Ko ba yaji, hutun ƙarshen zango kaɗai ya isa ya busar da kai. Shi ya sa bayan haya, sai ka tara abin da zai riƙe gidanka wata uku ko da ba a turo ko kwabo ba. Ba a rana ɗaya za a tara ba, da rarrafe yaro kan tashi. Kuma tun yanzu ka nemi masu aiki da ba ruwansu da kalandar jami'a: makarantu masu zaman kansu da ke buga sakamakon ɗalibai, Islamiyyu masu walimar sauka, shagunan PZ da Sabon Gari, masu sayar da kaya a intanet da ke son a zana musu talla.

Wani ɓangare na ajiyar nan gara ya zama abinci. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, wanda ya ajiye takarda ya ga yadda ta zaizaye. Ga ka kusa da Giwa da Soba, in kaka ta yi ka sa buhun masara da wake da shinkafa a ɗaki. Amma na ci nake nufi, ba na jiran tsada ba. Waɗanda suka tara hatsi suna jiran ya tashi sun ga yadda farashi ya karye a 2025.

Mu dawo cikin gida, don a nan yawancin tsare-tsare ke rushewa. Maiɗakinka tana ganin kana fita da safe kana dawowa da dare, tana jin ƙarar alat, amma ba ta san cewa rabin kuɗin na masu bugu ba ne. Ka zaunar da ita, ka nuna mata littafin, ka faɗa mata albashin da ka yanka. Ka mayar da kuɗin cefane na mako-mako maimakon kullum. Mata sun fi mu iya juya dubu 20 ta mako fiye da dubu 3 ta kowace safiya, don za ta sayi manja da magi da kayan miya a dunƙule. Kuma in ka karɓi kuɗinta, na sana'arta ko na adashinta, ka rubuta a shafin bashi ka biya. Ciyarwa a kanka take, kuɗinta nata ne. Magidanta da yawa sun karya jarin matansu da "ba ni zan mayar miki".

Zumunci ma a ba shi nasa kaso. Abin da kake ba Hajiya wannan ba a taɓa shi, yana cikin albashi tun farko. Amma gudummawar biki, suna, ƙanen da ke son kuɗin rajista, abokin da babur ɗinsa ya lalace, ka ware musu adadi a wata. In ya ƙare, ka ba da haƙuri ka ce sai wata mai kamawa, sai dai in rashin lafiya ce. Za a ɗan yi maka gunaguni. Gunagunin ya fi sauƙi a kan ka je kana roƙon waɗannan mutanen ranar da aka ba ka notis.

Littafin nan zai yi maka rana ta wata fuskar. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe haraji a kan naira dubu 800 na farko na samun mutum a shekara, abin da ya haura kuma ana lissafa shi, mai albashi ne ko mai aikin kansa. In watarana hukumar tara haraji ta jihar Kaduna ta nemi bayani, wanda ke da rubutu zai iya nuna cewa ba duk alat ne riba ba. Haka in Allah ya buɗa, ajiya ta kai nisabi ta shekara, ba za ka yi zakka da kintace ba.

Maganar firinta kuwa, amsata a yanzu a'a ce, balle da bashin manhajojin waya masu ruwan da ke ninkuwa, waɗanda in ka makara suke bin lambobin mutanenka da saƙon tozarci. Ka yi wata shida kana rubutu, sannan ka tara abin da ka biya masu bugu a wannan lokaci. Ka je ka tambayi kuɗin injin, da tawadarsa, da mai gyaransa, don wani injin in ya tsaya sai an ɗauko mai gyara daga Kaduna ko Kano, da kuma wutar da zai ci, ko janaretanka zai iya ɗaukarsa. In abin da za ka tsira da shi kowane wata zai mayar da kuɗin injin cikin shekara guda, har da watannin hutu a lissafin, to sai mu yi maganar yadda za a tara ko a nemi wanda zai sa hannun jari. Ka sake rubuto min da waɗannan alƙaluman, ka haɗo da hoton shafin bashi.