Ina da juna biyu, zan iya haɗa magungunan ƙarin jini da bitamin?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Cikina wata biyu ne, a wurin awo an ba ni jan ƙwayar ƙarin jini da folik asid. Maigidana ya sayo mini bitamin mai haɗi a kemis, surukata kuma ta kawo man hantar kifi da tonik. Duk ina sha. Akwai illa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya raba lafiya. Ki ci gaba da na asibiti, sauran ukun ki ajiye su tukuna.

Sunayensu ne daban, amma abin da ke ciki yana maimaita juna. Wanda ya fi damuna shi ne bitamin A. Ba ya fita ta fitsari kamar bitamin C, a hanta yake taruwa. Iyakar da aka sa wa baligi ita ce IU 10,000 a rana (IU ma'auni ne na yawan bitamin), kuma wuce hakan a watanni ukun farko na iya jawo wa jariri nakasa a zuciya, fuska ko ƙwaƙwalwa, domin lokacin ne ake halittar gaɓoɓinsa. Ƙaramin cokali na man hantar kifi kan kai IU 4,500, ƙwayar kemis ta ƙara nata. Ga kuma hanta da ake yawan gasa wa mai ciki don ƙarin jini, alhali giram 100 na hantar saniya kaɗai ya haura iyakar. Karas, manja da zogale ba su da wannan haɗari, jiki yana ɗibar abin da yake bukata ne kawai daga gare su.

Sai sinadarin ƙarfe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba masu ciki shawarar miligiram 30 zuwa 60 a rana, kuma jan ƙwayar nan ta wadatar. Ɗora tonik a kai zai ƙara miki tashin zuciya da taurin bayan gida. In kina da sikila, musamman in an sha ƙara miki jini, kada ki sha wani ƙarin ƙarfe sai likitanki ya auna. Ki kuma ɓoye ƙwayoyin inda hannun yara ba ya kai, domin suna kama da alawa, kuma yaro ya hadiye da yawa zai iya rasa ransa.

Ranar awo ki zuba dukkan kwalaben a leda ki kai wa ma'aikaciyar jinya, ta karanta bayan kowanne ta haɗa lissafi, ki kuma faɗa mata tun yaushe kika fara sha.